Wata 14 da filtar iskar da na saya a Sabon Gari

Aikin fentin wata baƙar Camry ne ya kai ni shagon da na sayi filtar tace iskar fesa fenti, a Agustan bara. Motar wani Alhaji ce daga Tudun Wada, mutumin da ya shekara shida yana kawo mini aiki bai taɓa tsayawa a kaina ba. Kwana huɗu muka yi muna gyaran jikinta, muka goge ta da samfefa har hannu ba ya jin komai idan ya bi ta kan ƙofa. Na fesa fenti da yamma, na bi da kiliya, wato shafin sama mai sa ƙyalli, na rufe gareji. Washegari da na buɗe, bonet ɗin ya cika da idon kifi, wato ƙananan ramuka a fuskar fenti, rufin kuma ya yi ƙuraje kamar bayan yaro a lokacin zafi. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Sai da muka kankare komai muka sake, fenti da kiliya da tina (ruwan tsinka fenti) duk daga aljihuna, ga kuma kunyar kiran Alhaji a ce ya ƙara haƙurin mako guda.

Shekarata 19 ina fentin mota a Zariya, a hanyar da ta tashi daga Kwangila zuwa Sabon Gari. A ranar, mai sayar mini da fenti na ɗora wa laifi, har na je na faɗa masa maganar da daga baya na koma na nemi gafararsa a kanta. Shi ne ma ya ce, "Maigida, kafin ka zargi gwangwani, je ka duba iskarka." Ya yi mini kwatancen wani ɗan shago a layin masu kayan injuna, inda wani dattijo da kowa ke kira Baba Injiniya yake sayar da kayan iska: tiyo, geji (ma'aunin matsin iska), regileta (mai daidaita matsi), bawul da filta.

Na je da tsohuwar filtata a leda, ƙarama mai bakin kwata inci da kofin roba, na ce a ba ni irinta sabuwa. Baba ya juya ta a hannu, ya shinshina, ya ajiye. Ya tambaye ni dokin kwamfaresata, wato injin matsa iska, nawa, tankin lita nawa ne, bindiga nawa muke fesawa da su lokaci ɗaya, akwai injin guga a layin ko babu, sannan a ina na ɗaura filtar. Na ce a bakin tanki, inda kowa ke ɗaurawa. Ya ce, "Ɗana, in na sayar maka da wannan yau, wata biyu za ka dawo kana zagina a zuci. Bari in zo in gani." A da ya yi aiki a ɗakin kwamfaresa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna kafin a rufe su, kuma har yanzu ba ya yarda da abin da bai auna ba.

Ya zo bayan La'asar da geji biyu da agogo. Abin da ya yi a cikin awa ɗayan nan shi ne ainihin abin da na biya kuɗi a kansa, ko da yake bai caje ni komai a kan zuwan ba sai kuɗin Keke.

Kwamfaresata mai fistan ce, doki 5.5, tanki lita 270, kuma a jikinta an rubuta lita 600 a minti. Ni duk shekarun nan wannan lambar nake faɗa wa mutane. Baba ya ce lambar iskar da fistan ke shara ce, abin da ke isa tanki ya yi ƙasa da haka. Ya rufe bawul ɗin fita, ya saki iska har geji ya sauka bar 6 (bar shi ne awon matsin iska), ya tayar da inji ya kama agogo. Daƙiƙa 75 ta ɗauka ta kai bar 8. Ya yi lissafin da alli a bango: lita 270 sau bar 2, ya ba da 540, a raba da minti ɗaya da kwata, ya ba da lita 432 a minti. Har yau rubutun yana nan ban goge ba.

Sai ya ɗaura geji ɗaya kafin tsohuwar filtar, ɗaya bayanta. Idan ba a ja bindiga ba, allurai biyun daidai suke, shi ya sa ban taɓa zargin komai ba. Da ya ce in ja kunamar bindiga, yarona kuma ya kunna injin guga, allurar baya ta faɗi da bar ɗaya da rabi. Nan na gane dalilin da ya sa na daɗe ina ƙara wa kwamfaresa matsi, ina cewa ta tsufa. Ita ba ta tsufa ba, ta cikin toshasshen maƙogwaro nake shaƙe ta. Kuma kowane bar ɗaya da ka ƙara wa kwamfaresa yana cin kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarin wuta. Ga wanda rabin aikinsa a kan janareto yake yi, wannan man gas ne ake ƙonawa a banza kullum.

Maganar girman filta a nan take, kuma a nan mafi yawanmu muke kuskure. Mu bakin zare muke dubawa: in tiyona kwata inci ne, a ba ni filta kwata inci. Abin da ya kamata a duba shi ne yawan iskar da za ta ratsa ta a lokacin da aiki ya fi yawa. Bindigata irin HVLP ce, wato mai fesawa da iska mai yawa a ƙaramin matsi, tana shan kimanin lita 400 a minti a matsin bar 2 a gindinta. Injin guga yana shan kwatankwacin haka a bar 6. In suka haɗu, sama da lita 800 ke fita a minti, kusan ninki biyun abin da kwamfaresar ke bayarwa, domin tanki ne ke cike giɓin na ɗan lokaci. Filtar da ke bayan tanki dole ta ɗauki wannan duka. Wani abu kuma, lambar da ake rubutawa a kwalin filta yawanci a matsin bar 7 aka auna ta. In matsinka ya sauka ƙasa da haka, iskar ta fi faɗi, filtar kuma ba za ta iya wuce da adadin da aka rubuta ba. Tawa tana sauka bar 6 kafin ta sake tashi, don haka da bar 6 Baba ya yi lissafi, ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda datti da zai taru da kuma ranar da zan ƙara bindiga, ya tsaya a kan mai rabin inci da aka rubuta wa lita 1,200.

Na ce to me zai hana in sayi mai inci ɗaya in huta gaba ɗaya. Ya ƙi. Abin da ke ware ruwa a filtar farko juyi ne: iska tana shiga ta bi wasu fukafukai ta yi guguwa, ɗigon ruwa ya watsu ya bugi bangon kofi ya gangara. In filtar ta yi wa iskar girma da yawa, guguwar ba ta yin ƙarfi, ruwan sai ya bi iska ya wuce. Ɗan kasuwar da ya hana ka sayen abin da ya fi tsada a shagonsa, ni dai na daɗe ban gamu da irinsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan. Iskar da ke da zafin digiri 30, in ta ƙoshi da laima, kowace lita 1,000 tana ɗauke da giram 30 na ruwa. Baba ya ce mu ɗauka giram 20 kawai a ranar damina. A bar 7, awo takwas na iskar waje ake matsewa a mazaunin awo ɗaya, wato giram 160 a wurin da, a zafin digiri 35, ba ya iya riƙe fiye da giram 40. Sauran 120 ɗin dole su zama ruwa. In kwamfaresata ta yi awa huɗu tana bugawa, ta haɗiyi kusan lita 100,000 na iska, ruwan da zai zubo ya kai lita ɗaya da rabi, ledar fiyawata uku ke nan. Amma ba ya zubowa sai iskar ta huce. A bakin tanki da zafinta take fitowa, ruwan yana cikinta a matsayin tururi, kuma babu filta irin wannan da ke kama tururin ruwa, ko ta nawa ce. Sai ya wuce ta, ya huce a cikin tiyon da ke kwance a kan siminti mai sanyi, ya zama ɗigo, ya fito ta bakin bindiga a kan motar mutane. Ashe tsohuwar filtata ko da sabuwa ce fil, a wurin da na ɗaura ta ba abin da za ta tsinana.

Ga abin da Baba ya haɗa mini. Daga tanki, ɗan guntun tiyo mai jure zafi saboda girgiza, sannan bututun ƙarfe mai kwata uku ya bi bango ya je ya dawo, tsawon mita 10, yana gangarawa kamar santimita ɗaya a kowace mita, da ƙafar tara ruwa mai bawul a ƙarshensa. Na so in sa farin bututun roba na famfo saboda araha, ya ce in na yi haka ya cire hannunsa, domin irin wannan robar in ta fashe da iska tarwatsewa take kamar kwalba. Daga saman bututun ake ɗaukar reshe ya lanƙwaso ƙasa, don ruwan da ke bin ƙasan bututu kada ya shiga. A nan aka ɗaura filtar farko, mai maikuron 5 (maikuron shi ne awon ƙanƙantar dattin da filta ke tsarewa), wadda ke tsare ruwa da tsatsa da ƙura. Bayanta layi ya rabu biyu. Ɗaya na injin guga da na kwance noti, waɗanda ke son ɗan mai. Ɗayan na fenti kaɗai, da filta ta biyu mai maikuron 0.01 wadda ke tattara hazon man inji ya zama ɗigo, sannan regileta. Gashin kan mutum kaurinsa kimanin maikuron 70 ne, sai ka kwatanta. Wannan ta biyun ita ce maganin idon kifi, domin mai ne ke sa fenti ya gudu ya bar rami. A takardarta an rubuta cewa man da ke saura ba ya wuce miligiram 0.01 a kowace lita 1,000, wanda shi ne adadin aji na 1 na mai a ma'aunin tsabtar iska na duniya, ISO 8573-1. Ya kuma sa na sayi sabon tiyo na fenti kaɗai, domin tsohon ya riga ya sha mai a cikinsa, wanki ba ya fitar da shi.

Dukansu kofin ƙarfe ne da 'yar tagar gani. A garejin fenti wannan ba ado ba ne. Kofin roba mai haske ba ya shiri da tina, tururinta kawai yana sa shi ya yi tsaga-tsaga, kuma tsohon nawa da muka ɗaga shi a rana duk ya yi zane kamar tafin hannu. Allah ne ya kiyaye bai fashe a fuskar yaro ba.

Akwai filta ta uku mai gawayi, mai kama tururin mai da wari. Baba ya ce aikina bai kai ga buƙatarta ba tukuna, kuma tana da tsada wajen canji, sai muka bar mata gurbi a bututun.

Kuɗin duka, da bututu da aiki, ya kai kusan ninki goma sha biyu na ƙaramar filtar da na je saye. Sai da na yi kwana biyu ina juya abin. Amma bai kai abin da Camry ɗaya ta cinye mini ba in aka haɗa da kwanakin da gareji ya tsaya.

Yanzu mun ga hunturu ɗaya, bazara ɗaya, da damina cikakkiya. Idon kifi ban sake ganinsa ba ko sau ɗaya. Na rage matsin kwamfaresa da bar ɗaya, bindiga kuma ba ta ƙara yin numfashi a tsakiyar ƙofa. Kowace Asabar ina yin gwajin da Baba ya koya mini: in cire gwangwanin fenti, in hura iska a kan madubi mai tsabta na minti ɗaya daga nisan taki guda. A da madubin yana yin hazo da maiƙo. Yanzu yadda na ɗauke shi haka nake mayar da shi, sai dai a wasu ranakun Agusta, kuma zan zo kan wannan.

Kulawar ba ta da wuya, mantuwa ce matsalarta. Kullum da yamma ana buɗe bawul ɗin ƙasan tanki da na ƙafar bututu. Da damina har da tsakar rana. Ruwan da ke fita ja ne mai maiƙo, a galan muke tara shi, ba ma barin shi ya bi kwata, saboda awakin unguwa a nan suke sha. 'Yar cikin filtar farko ta tagulla ce, ana kwance ta duk wata a wanke da ruwan sabulu, a busar, a hure ta daga ciki zuwa waje. Ta biyun ba a wanke ta sam, zare ne mai laushi, ruwa ko hura yana yaga shi. Canza ta ake yi. A kanta akwai 'yar alama mai kore da ja da ke nuna faɗuwar matsi, amma Baba ya gargaɗe ni kada in dogara da koren. 'Yar cikin da ta yage iska na wucewa ta cikinta ba wahala, alamar za ta zauna a kore alhali mai yana tafiya. Saboda haka ko ta yi ja ko shekara ta cika, duk wanda ya riga zuwa, a canza. Kuma ba a taɓa kofi sai an rufe bawul an sauke iska har geji ya kwanta a sifili. A duba zoben robar, a lura da kibiyar da ke nuna hanyar iska.

Da hunturu aikin komawa yake gaban inji. Ƙurar Disamba da Janairu a Zariya kowa ya san ta, a kwana uku take mayar da filtar shaƙar kwamfaresa ja. Na san masu faci da yawa da ke cire ta su yar don inji ya yi saurin cika. Ƙurar nan ita ke cin zoben fistan, zoben da ya ci kuma shi ke turo mai cikin iska, sai ya zama ka tara wa filtar baya aikin da ya fi ƙarfinta. Duk Alhamis muke kakkaɓe tamu a lokacin, kuma mun matsar da kwamfaresar daga kusa da hayaƙin janareto da inda hazon fenti ke sauka. Man inji ma kada ya wuce alamar tsakiyar gilashi.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, mazubar ruwa mai aiki da kanta da ke ƙasan filtar farko. An ce mini in ruwa ya taru za ta buɗe ta zubar. Wata uku ta yi tana haka, sai tsatsar tsohon tankina ta maƙale mata a buɗe, muka wuni tana huci, kwamfaresa ba ta hutawa. Na wanke ta, bayan mako biyar ta maƙale a rufe, wanda ya fi muni, domin kofi ya cika har ya kusa taɓa 'yar ciki ban sani ba. Baba ya amsa cewa da tanki mai shekaru irin nawa ya kamata tun farko ya ba ni ta hannu. Ya canza mini, amma bambancin kuɗin bai dawo ba, ni ma ban matsa ba.

Na biyu ya fi damuna. Da shekara ta cika a Satumba na je sayen 'yar cikin filta ta biyu, babu ita a shagon. Aka ce za ta zo daga Legas cikin mako guda, ta ɗauki mako uku. Na aika Panteka a Kaduna, na sa an duba mini a Kano, akwai masu kama da ita amma tsawo ko bakin bai zo ɗaya ba, domin kowane kamfani da nasa awon. Wanda zai sayar maka da abin da shi kansa ya ce dole a canza duk shekara, ya kamata ya ajiye abin canjin. Na faɗa wa Baba haka a gaban yaransa, cikin ladabi, ya ce gaskiyata ce, jari ne ya yi kaɗan. Duk mai niyyar saye a wurinsa, ya sayi 'yar ciki ta ajiya a ranar da ya sayi filtar, ya kuma rubuta lambarta a wani wuri.

Na uku ba laifinsa ba ne, don ya faɗa mini tun farko. A tsakiyar Agustan bana, ranakun da ake wuni ana yayyafi, madubin gwaji ya riƙa nuna ɗan hazo da safe. Bututu yana sanyaya iska ne iya sanyin ɗaki, kuma da ta fito daga bindiga ta buɗe sai ta ƙara sanyi. Maganin gaskiya injin busar da iska ne mai aiki kamar firji, wanda ke saukar da ita zuwa kusan digiri 3 ya matse ruwan, amma yana son kuɗi da wutar da ke zama. A madadinsa na sa ɗan ƙaramin mazubi mai ƙwayoyin silika a gindin bindiga, shuɗɗa ne, in sun sha ruwa su koma ruwan hoda. A Agusta mota biyu suke yi su juye. Ranar da hadari ya haɗu sosai, aikin kiliya nakan ɗaga shi zuwa washegari da hantsi.

Shagon ƙarami ne, ba allo a ƙofa, kuma Baba ba ya sauri. In kana da motar da ke jira a gareji, bayaninsa zai iya cinye maka awa guda. Takardun kayan duk da Turanci suke, shi ke fassara maka da baki, rasit ɗinsa kuma ba ya ɗauke da maganar garanti, amana ce kawai. Duk da haka na tura masa mutum huɗu: kafintoci biyu masu fesa gadaje a Muciya, wani mai faci a Samaru, da ƙanina mai walda a Ɗanmagaji. Mai facin bai sayar masa da komai ba sai filta ɗaya mai maikuron 40, ya ce iskar taya ba ta buƙatar fiye da haka, ya dai riƙa zubar da ruwan tanki. Wanda zai je, ya ɗauki hoton farantin da ke jikin kwamfaresarsa, ya san litar tankinsa, ya ƙirga kayan da ke shan iska lokaci ɗaya, ya kuma auna nisan inji da wurin aiki.

Da 'yar cikin ta iso a Oktoba, biyu na saya. Tsohuwar da muka ciro ta yi nauyi, ƙasanta ya jiƙe da mai ruwan zuma, alamar kuwa tana kan kore har ranar. Ɗaya tana ciki yanzu, na rubuta watan da aka sa ta a bango kusa da lissafin Baba, ɗayar tana cikin ledarta a saman kabad inda ƙura ba ta kai. Alhaji mai Camry ya kawo motar uwargidansa makon jiya, ita ma baƙa ce, jibi za mu fesa ta.